Ƙarancin Wuta A Beji: Lissafin Riƙe Kwamfuta Da Batirin Ajiya

BEJI, Jihar Neja — Matafiyin da ya bar Minna ya nufi Zungeru, in ya wuce Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, zai iske garin Beji a bakin titi. An fi sanin garin da kasuwarsa ta mako-mako, inda fatake ke haɗuwa don sayen doya da hatsi da dabbobi. Amma kamar yadda yake a sauran garuruwan kasuwa na ƙasar nan, wasu sababbin sana'o'i sun tsiro a gefen na gargajiya, watau buga takardu, da cike fom ta intanet, da hada-hadar kuɗi ta na'ura, da ajiye lissafin kaya. Babban jarin masu irin waɗannan sana'o'i shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, babban cikas ɗinsu kuwa shi ne ɗaukewar wutar lantarki.

Saboda haka ne tambaya guda ke yawan tasowa a tsakanin masu wannan harka: shin batirin ajiyar nan da jama'a ke kira fawa-bank, wanda ake cajin wayar salula da shi, zai iya riƙe kwamfuta, musamman irin wadda bakin cajarta zagayayye ne? Amsa ita ce zai iya, amma ba kowane batiri ba, ba kuma da kowane kebul ba. Wanda ya san lambobi uku ko huɗu kafin ya biya kuɗi zai iya mayar da jarinsa cikin wata biyu. Wanda ya saya da ka kuwa, ko dai ya yi asarar kuɗin batirin, ko ya haɗa da kwamfutar kanta.

Jihar wuta, masu neman wuta

Abin mamaki a nan shi ne, Neja ce ake yi wa kirari da jihar wutar lantarki. A cikinta aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760, da ta Jebba a kan iyaka da Jihar Kwara a 1985 mai megawat 578, da ta Shiroro a 1990 mai megawat 600. Ta baya-bayan nan ita ce ta Zungeru a kan Kogin Kaduna, mai megawat 700, wadda aka kammala a 2023, kuma hanyar zuwa wurinta daga Minna ta Beji take bi. In aka haɗa ƙarfin da aka gina su da shi, ya haura megawat 2,600.

Sai dai kuma wutar da ake samarwa a madatsun tana shiga babban layin ƙasa ne, daga can ake rarraba ta. Samar da wuta daban, isar da ita shagon mutum daban. A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Jihar Neja ta faɗa ƙarƙashin kamfanin AEDC na Abuja. A 2020 kuma aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa yawan sa'o'in da aka yi alkawarin ba su a yini: rukunin A sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuwa sa'a 4. Ko alkawarin ya cika, mai shagon da ke rukunin ƙasa zai yi yawancin yininsa babu wuta. A watan Oktoban 2024, bayan da aka lalata layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

A da, ƙaramin janareta shi ne mafita. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lissafin ya sauya. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce N1,000 a wurare da dama a watan Oktoban 2024. A daidai wannan lokaci darajar Naira ta faɗi, daga kusan N460 kan Dalar Amurka a farashin hukuma a tsakiyar 2023 zuwa fiye da N1,500 a farkon 2024. Ke nan mai ya yi tsada, sabuwar kwamfuta ma ta yi tsada. Dole ɗan kasuwa ya tattala wadda ke hannunsa, ya kuma nemi hanya mai sauƙi ta ba ta wuta.

Tsohuwar kwamfuta, sabon batiri

Akasarin kwamfutocin da ke hannun ƙananan 'yan kasuwa 'yan kwatano ne, watau waɗanda ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka suka gama amfani da su. Sukan shigo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko ta kasuwannin Kano, sa'an nan su bazu zuwa shagunan Minna da kewaye. Waɗanda aka fi gani su ne Dell Latitude, da HP EliteBook ko ProBook, da Lenovo ThinkPad. Yawancin tsofaffin cikinsu da baki zagayayye ake yi musu caji.

Batiran ajiya na zamani kuwa da wani baki dabam suke fitar da wuta, wanda ake kira USB-C. An fito da shi a 2014, kuma duniya ta karkata gare shi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2022 wadda ta wajabta shi a kan wayoyin salula daga ranar 28 ga Disamba, 2024, a kan kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa daga ranar 28 ga Afrilu, 2026. Ma'anar wannan ga kasuwar Nijeriya a bayyane take: sababbin cajoji da batirai za su zama na USB-C, amma kwamfutoci masu tsohon baki za su daɗe a hannun jama'a. Tsakanin waɗannan biyu akwai giɓi, kuma a wannan giɓi ne ake cin riba, a nan ne kuma ake yin asara.

Kafin komai, yana da kyau mai kwamfuta ya duba jikinta. Wasu da aka ƙera daga wajen 2017 suna da baki biyu, tsohon da kuma USB-C mai karɓar caji. In haka ne, matsala ta ragu sosai, domin ba a bukatar wani kebul na musamman. Amma ba kowane bakin USB-C ne ke karɓar caji ba. Wasu na ɗaukar bayanai ne kawai.

Dalilin da ya sa batirin wayar salula ba ya ɗauka

A bayan kowace caja ta asali akwai rubutu ƙanana. Lamba mai harafin V tana nuna bolt, watau ƙarfin turin wuta, kamar ƙarfin da ruwa ke fita da shi daga famfo. Lamba mai harafin A tana nuna amfiya, watau yawan wutar da ke gudana. In aka ninka su biyun sai a sami wat, wanda ake rubutawa da harafin W. Alal misali, cajar Dell da aka rubuta wa 19.5V da 3.34A tana ba da wat 65. Dell da HP sun fi amfani da bolt 19.5, Acer da Asus da Toshiba bolt 19, Lenovo kuwa bolt 20. Yawancin kwamfutocin ofis suna zuwa da cajar wat 45, ko 65, ko 90.

Batirin ajiya na yau da kullum bolt 5 yake fitarwa, da kusan amfiya 2, watau wat 10. Masu saurin caji a cikinsu sukan kai wat 18 zuwa 22.5. Wannan ya ishi wayar salula, amma bai wuce rabin abin da kwamfuta ke nema ba. Akwai ƙananan kebul da ake tallatawa da cewa suna ɗaga bolt 5 zuwa sama. Suna ɗagawa, amma ba sa ƙirƙirar wutar da babu. In bolt ya hau, amfiya sauka take yi, wat ɗin kuma ba ya ƙaruwa, ragewa ma yake yi. Randar da ke tsiyayar da ruwa kaɗan-kaɗan ba za ta cika tanki ba don an sauya mata tiyo.

Abin da ake bukata shi ne batiri mai tsarin da ake kira PD. A wannan tsari, na'ura da batiri sukan yi yarjejeniya kafin a saki wuta. Batirin yana farawa da bolt 5, sa'an nan ya sanar da matakan da yake da su, waɗanda aka saba su ne bolt 5, da 9, da 15, da 20. Sai na'urar ta zaɓi wanda ya dace da ita. Tsarin yana kai wa wat 100, kuma gyaran da aka yi masa a 2021 ya ɗaga iyakar zuwa wat 240. Ga mai kwamfutar ofis, layi ɗaya ne zai nema a jikin batirin: inda aka jera abin da bakin USB-C ke fitarwa, a ga 20V tare da 3.25A, ko sama da haka. In mafi girman lamba a wurin 9V ce ko 12V, to wannan batiri ba na kwamfuta ba ne, komai girmansa.

Kebul ɗin da ke tsakani

Tsohuwar kwamfuta ba ta san wannan yarjejeniya ba, domin an ƙera ta ne don ta karɓi wuta kai tsaye. Don haka sai an sami kebul na musamman, mai USB-C a kai ɗaya da baki zagayayye a ɗaya kan. A cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ke magana a madadin kwamfutar, ta nemi bolt 20 daga batirin. Aikinta kamar na dillali ne tsakanin mai kaya da baƙon da ba ya jin yaren kasuwa.

Abubuwa huɗu ne ake dubawa a nan. Na farko shi ne bolt. Kwamfutar da aka tsara wa bolt 19 ko 19.5 takan karɓi bolt 20 ba tare da matsala ba, saboda bambancin kaɗan ne. Amma akwai ƙananan kwamfutoci masu bolt 12, da wasu tsofaffin Toshiba masu bolt 15. In aka tura wa irin waɗannan bolt 20, ana iya ƙona babban allon cikinsu, gyaran da wani lokaci yakan kusa kuɗin sayen wata. Shi ya sa karanta bayan cajar asali ya zama wajibi, ba a dogara da cewa baki ya shiga ba.

Na biyu shi ne girman baki. A ido duk kusan ɗaya suke, amma ana auna su da milimita, waje da ciki. Asus da Toshiba da yawa suna amfani da 5.5 da 2.5, Acer 5.5 da 1.7. Dell da HP suna da babba, 7.4 da 5.0, da kuma ƙarami, 4.5 da 3.0. Tsofaffin ThinkPad suna da 7.9 da 5.5, waɗanda suka biyo bayansu kuma suna da baki mai kusurwa huɗu. Bakin da ya yi sako-sako yana sa wuta ta riƙa yankewa, wurin ya yi zafi, ramin cajin kuma ya lalace a hankali.

Na uku shi ne tsinken tsakiya. Cajojin Dell da HP da Lenovo suna da ɗan siririn tsinke a cikin bakin, wanda ba wutar caji yake ɗauka ba, shaida yake bayarwa. Ta nan ne kwamfutar ke gane ƙarfin cajar. A Dell akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ke aika wannan bayani. In babu ita, kwamfutar takan rubuta cewa ba ta gane cajar ba, ta ƙi cajin batirinta, ta kuma rage saurin aiki. Saboda haka, ko da yake bakin Dell da na HP girmansu ɗaya, kebul ɗin wannan ba lallai ya yi wa wancan aiki ba. Sai an nemi wanda aka yi wa kamfanin musamman.

Na huɗu shi ne wat. Kwamfutar da ta saba da cajar wat 65 za ta nemi janyo wat 65 a lokacin da batirinta ya yi ƙasa kuma ana aiki da ita. In batirin ajiyar wat 45 ne iyakarsa, zai ɗauki haka a matsayin haɗari, ya kashe kansa. Ƙa'ida ita ce wat ɗin batirin ya yi daidai da na cajar asali ko ya fi shi. Har ila yau, kebul na USB-C na yau da kullum amfiya 3 yake ɗauka, watau wat 60 a bolt 20. Abin da ya wuce nan sai kebul mai amfiya 5. Bugu da ƙari, batirai da yawa suna raba ƙarfinsu in an haɗa na'ura biyu, don haka jona wayar salula a lokaci guda na iya sa kwamfutar ta daina caji.

Da wane mudu aka auna?

Duk ɗan kasuwar hatsi ya san cewa ba a sayen mudu goma sai an ga mudun. Haka abin yake ga lambar nan ta mAh da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ana ƙirga ta ne a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin batirin da ke ciki, ba a kan bolt 20 da kwamfuta ke sha ba. Ma'aunin gaskiya shi ne Wh, watau wat a cikin sa'a guda. Ana samun sa ta hanyar ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000.

Bisa wannan lissafi, batirin 10,000mAh yana da Wh 37, na 20,000mAh yana da Wh 74, na 27,000mAh kuwa yana dab da Wh 100. Wannan na ƙarshe ba haka kawai ya yawaita a kasuwa ba: ƙa'idar jiragen sama ta duniya ta yarda fasinja ya shiga da batirin da bai wuce Wh 100 ba a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, abin da 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya da alhazai ya kamata su sani.

Ba duk abin da ke cikin batiri ne ke isa kwamfuta ba. Wajen ɗaga wutar zuwa bolt 20, wani kaso yana zama zafi ya ɓace. In aka ɗauka kashi 85 cikin 100 ne ya isa, batirin Wh 74 zai ba da kusan Wh 63. Batirin cikin kwamfutar ofis yakan kasance tsakanin Wh 40 da 60, ke nan cikawa ɗaya ce da ɗan ragowa, ba huɗu ko biyar ba kamar yadda mai kallon manyan lambobi zai zata. Ta fuskar lokaci kuwa, kwamfutar da ake buga takarda da cike fom da ita takan ci wat 15 zuwa 20, don haka Wh 63 zai riƙe ta sa'a 3 zuwa 4, ban da abin da nata batirin zai ƙara. An fi cin moriya in aka jona batirin ajiyar tun na cikin kwamfutar yana cike, domin zuba wuta daga batiri zuwa batiri yana jawo asara sau biyu.

Akwai wata lamba da masu saye ke mantawa, alhali a wuri irin Beji tana iya fin sauran muhimmanci, watau saurin da batirin ke karɓar caji. Batirin Wh 74 da aka jona wa cajar wayar salula mai wat 10 zai ɗauki fiye da sa'a 8 kafin ya cika. In yana karɓar wat 65 kuma an ba shi cajar da ta dace, ba zai kai sa'a 2 ba. Inda ake kawo wuta na ɗan lokaci a tsakar dare, batirin da ba ya cika da wuri daidai yake da rumbun da ƙofarsa ta yi ƙanƙanta ranar girbi.

Lissafin riba da faɗuwa

Don a ga inda kuɗin yake, a ɗauki misalin mai shago da ke bukatar kwamfutarsa ta yi aikin sa'a 3 a kullum ba tare da wutar gwamnati ba. A ɗauka ƙaramin janaretansa rabin lita yake sha a sa'a, lita kuma N1,000 ce, kamar yadda ta kai a ƙarshen 2024. Kuɗin mai a yini ya kama N1,500, ban da baƙin mai da gyara. Duk wannan don a ba na'ura mai cin wat 20 wuta daga injin da aka ƙera don ɗaruruwan wat, tamkar a ɗauko tirela don kai buhu guda.

A ɗaya ɓangaren, cika batirin Wh 74 daga soket bai wuce kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin wuta ba. Ko da a farashi mafi tsada, watau N225 kan yunit da aka sanya wa rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai N25 ba. A ɗauka kuma, don misali kawai, batirin da kebul ɗinsa sun ci N60,000. Abin da zai rage a aljihun mai shago a kullum shi ne N1,475, ke nan cikin kwanakin aiki 41 ya mayar da kuɗinsa. Ko da a ce babu wuta a gidansa, sai ya biya mai cajin sola N300 a kullum, kwana 50 sun isa.

Amma batiri kadara ce mai ƙarewa. Irin ƙwayoyin litiyam da ake sakawa a yawancinsu sukan fara rauni bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500. In aka raba N60,000 a kan sau 400, kowane amfani ya ci N150. Ɗan kasuwa mai tsari zai riƙa ware wannan kuɗi a gefe don sayen wani, kamar yadda mai mota ke ware kuɗin taya. Duk da haka, N175 a yini da N1,500 ba su haɗa hanya ba.

Jabu da zafi

Babban haɗarin wannan kasuwa shi ne jabun kaya. Akwai batiran da ake rubuta wa 50,000mAh ko fiye, alhali a hannu ba su fi wayar salula nauyi ba. Nauyi ba ya ƙarya. Ƙwayar batiri irin ta 18650, wadda aka fi sani, ba ta wuce kusan 3,500mAh, nauyinta kuma giram 45 zuwa 50 ne. Batirin 20,000mAh na gaske yana bukatar kwatankwacin shida, watau kusan giram 300 tun ba a haɗa da kwanso ba. Sai dai nauyi kaɗai ba hujja ba ce, domin maƙera jabu ma sun san da wannan. Hujja mafi ƙarfi ita ce gwaji: mai saye ya je da kwamfutarsa shago, batirinta ya yi ƙasa, a jona a gabansa, ya ga tana caji na tsawon mintoci tana kuma aiki. In da hali, a auna bakin kebul ɗin da mita kafin a soka shi.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance kayan lantarkin da ake shigowa da su, Hukumar FCCPC kuma tana karɓar koken masu saye. Amma koke ba ya tafiya sai da rasit, don haka karɓar rasit mai ɗauke da sunan kaya da wa'adin garanti wani ɓangare ne na cinikin.

Zafi shi ne maƙiyi na biyu. A watannin Maris da Afrilu, yanayin zafi a yankin Minna yakan kusanci digiri 40, a ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Zafi yana rage wa batirin litiyam kwana. Ba a barin sa a rana ko a cikin mota a rufe, ba a kuma yi masa caji a ƙarƙashin matashi ko cikin tarin takardu. Duk batirin da ya kumbura ya gama aiki, ci gaba da amfani da shi neman gobara ne.

Inda batirin ajiya ya gaza

Ya kamata a san iyakar wannan hanya. Batirin ajiya na kwamfuta ne da wayar salula da na'urar intanet. Ba zai tayar da firinta mai amfani da hoda ba, balle injin fotokwafi, domin waɗannan suna jan ɗaruruwan wat a lokacin da suke ɗumama. Haka nan manyan kwamfutocin zane da haɗa bidiyo, masu cajar wat 130 zuwa sama, sun fi ƙarfin yawancin batiran da ke kasuwa. Dabarar da ta fi ita ce raba aiki: a yi bugu da gyaran takardu da batiri, a tara abin da za a fitar, sa'an nan a tayar da janareta na ɗan lokaci.

Wanda aikinsa ya wuce sa'a 4 a yini, gara ya duba sola da babban batiri. Batirin bolt 12 mai 100Ah yana ɗauke da Wh 1,200, ko da yake irin na darma rabinsa ake so a yi amfani da shi don ya daɗe. Da irin wannan, cajar mota ta kwamfuta, wadda ke ɗaga bolt 12 zuwa 19 kai tsaye, ta fi tattali a kan bi ta inbata, saboda inbata tana juya wutar sau ɗaya, cajar kwamfuta kuma ta sake juya ta, kowane juyi da asararsa. A matakin al'umma kuwa, a Jihar Neja ne, a ƙauyen Rokota, aka ƙaddamar da ƙaramar tashar sola ta farko a ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara a watan Disamban 2019, Bankin Duniya kuma ya amince da Dala miliyan 750 a watan Disamban 2023 don faɗaɗa irin wannan aiki.

Ga dillalan kayan lantarki na Minna da kewaye, akwai kasuwa a nan ga wanda ya shirya. Mai saye ba batiri yake nema ba, sa'o'in aiki yake nema. Dillalin da zai haɗa batiri da kebul da caja waɗanda suka dace da juna, ya rubuta irin kwamfutar da suke yi wa aiki, ya gwada a gaban mai saye, ya kuma ba da garanti, zai iya sayarwa da ɗan tsada ba tare da ya rasa ciniki ba. Shi kuwa mai saye, lambobi huɗu ne zai rubuta a takarda kafin ya bar gida: bolt da wat na cajarsa ta asali, girman bakinta, da Wh ɗin da aikinsa na yini ke bukata. Wanda ya riƙe waɗannan, ba a yi masa awo da mudun da bai gani ba.